Masu Bin Sawun Tashoshin Rediyo da Kaye da Bik

Akwatin rediyo ya daɗe da zama abokin manomi da makiyayi. Yana rataye a kafaɗar mai kiwo, yana ajiye gindin gawo lokacin noma, da dare kuma shi ne a tsakiyar tabarma wurin hira. Amma akwai wani abin haushi da duk mai rediyo ya sani. Tashar da mutum ya saba kamawa kullum bayan sallar isha'i, ran nan sai ya murɗa ya tarar ba ta nan. Ba ya jin komi sai ƙugi, ko kuwa wani harshe da bai taɓa ji ba. Wani sai ya ce pil ne ya mutu, ya je ya sayo sabo. Wani ya ɗauki akwatin ran kasuwa ya kai wa mai gyara, ya biya kuɗi. Alhali rediyon lafiyarsa lau. Tashar ce ta tashi daga inda take ta koma wani wuri.

Wannan ba ƙaramar hasara ba ce ga mutumin ƙauye. Ta rediyo ake jin sanarwar ranar allurar dabbobi, da labarin saukar ruwa a sauran jihohi, da kuɗin hatsi a manyan kasuwanni, da gargaɗi in fara ta taso. Wanda ya yi sati biyu yana laluben tasharsa bai same ta ba, yana iya rasa labarin da ya shafi garkensa ko rumbunsa.

A ƙasashen duniya akwai waɗansu mutane da suka mai da wannan nema abin sha'awarsu. Ba aikin gwamnati suke yi ba, ba kuma wanda ke biyan su. In dare ya yi sai su zauna gaban rediyo da kaye da bik da agogo, suna farautar tashoshin nesa. Duk wadda suka kama sai su rubuta. Ana kiran wannan sha'awa da harufa biyu, DX. Harufan sun fito daga gajeren rubutun masu buga waya na zamanin da, ma'anarsu kuwa nisa. Abin ya soma tun shekarun 1920, lokacin da gidajen rediyo na farko suka buɗe a Amurka da Turai. A cikin shekara ɗari ɗin nan sun gano dabarun da ke hana tasha ɓace musu. Dabarun ba su da wuya. Duk wanda ya koyi rubuta lamba da kwanan wata a makarantar yaƙi da jahilci yana iya aiki da su, ko da tasha uku kaɗai yake saurare.

Rumfa daban, mai rumfa daban

Abu na farko da suke koya wa sabon shiga shi ne kowace tasha tana da abu biyu, lamba da suna. A ɗauki gilashin rediyo kamar kasuwa mai jerin rumfuna. Lamba ita ce rumfa, suna kuwa shi ne mai rumfar. Ɗan kasuwa yana iya barin rumfarsa ya koma wata a can bakin kasuwa, shi ɗin ne dai bai sake ba. Yana iya sayar da rumfar, wani ya zo ya zauna ciki da wata haja. Yana kuma iya zama a rumfarsa amma sunansa ya sake, kamar wanda ya je Makka ya dawo aka koma kiran sa Alhaji. Duka ukun suna faruwa ga tashoshin rediyo. Mai saurare da ya riƙe lamba kaɗai, ko ya riƙe suna kaɗai, wata rana sai ya ruɗe.

Ita lambar, iri biyu ake faɗin ta. Masu sanarwa da Hausa sun fi faɗin mita: mita 49, mita 31, mita 19. Littattafai da sababbin rediyoyi masu nuna lamba a ɗan allo suna faɗin kilohaz. Abu ɗaya ne, kamar yadda dala 20 da tamma 100 duk kuɗi ɗaya ne. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. A raba dubu 300 da lambar kilohaz, abin da ya fito shi ne mita. Muryar Sahel ta yi shekaru da yawa ana kama ta a kan 5020 da 9705. In an raba dubu 300 da 5020 ana samun kusan 60, wato mita 60. In an raba da 9705 ana samun kusan 31. Rediyon Kaduna da aka daɗe ana kamawa a kan 6090, mita 49 ke nan.

Sai dai mita unguwa ce, kilohaz shi ne ƙofar gida. Mita 31 kaɗai ta kama daga 9400 har 9900, tashoshi masu yawa kuwa suna zaune a ciki, kafaɗa da kafaɗa. Wanda aka ce masa abokinsa yana unguwar Birni a Damagaram bai gama samun kwatance ba. Don haka masu DX ke rubuta kilohaz duk sa'ad da suka iya.

Me ke sa tasha ta yi ƙaura

Muryar gajeren zango ba ta bin ƙasa. Tana tashi sama ta bugi wani rufi na iska da ke can nesa bisa girgije, sa'an nan ta dawo ta sauka a wata ƙasa. Haka murya ke fitowa daga Turai ko Asiya ta iso Tasawa ko Madawa. Hasken rana ne ke gina wannan rufi. Da rana yana da wani hali, da dare wani hali, da sanyi daban, da bazara daban. Shi ya sa da rana an fi kama tashoshi a mita 19, 16 da 13, da dare kuma a mita 31, 41, 49 da 60. Ita kanta rana tana da lokacin da ƙarfinta ke hawa da lokacin da yake sauka, kewayen yana ɗaukar wajen shekara 11.

Tilas ke nan manyan tashoshi su riƙa ƙaura, kamar makiyayin da ke yin arewa da damana ya dawo kudu bayan kaka. Shi makiyayi ciyawa da ruwa yake bi, ita tasha rufin sama take bi. A shekarun 1970 da 1980 sau huɗu ake sauya lambobi a shekara: watan Maris, Mayu, Satumba da Nuwamba. Yanzu an mai da shi sau biyu, Lahadin ƙarshe na watan Maris da Lahadin ƙarshe na watan Oktoba. Tun 1990 akwai wani taro mai suna HFCC inda ma'aikatan tashoshi ke zama sau biyu a shekara suna raba lambobi, don kada biyu su hau lamba ɗaya a sa'a ɗaya. Duk da haka ana yin karo. In tasha biyu suka haɗu suna murƙushe juna, sai ɗaya ta gusa da kilohaz 5 ko 10 ba tare da jiran ƙarshen lokaci ba. Wannan ƴar gusawa ita ta fi ɓatar da mutane, don sau da yawa ba a yi mata dogon sanarwa.

Akwai kuma ƙaura babba, wadda ƙasashe ke shiryawa tare. Ranar 29 ga Maris 1941, tashoshi wajen 800 na matsakaicin zango a Amurka suka sauya lamba a dare ɗaya, saboda yarjejeniya da maƙwabtansu Kanada da Meziko da Kuba. Tsohuwar tashar KDKA ta birnin Pittsburgh, wadda ta soma aiki a 1920, ta tashi daga 980 ta koma 1020. Wadda ta shafi Afirka ita ce ta ranar 23 ga Nuwamba 1978. An ƙulla ta a Janeba a 1975, ƙarƙashin ƙungiyar sadarwa ta duniya. Daga ran nan aka tsara lambobin matsakaicin zango na Afirka da Turai da Asiya su zama masu rabuwa da 9, daga 531 har 1602. A Ingila sai da BBC ta rarraba wa gidaje ƴan takardu masu manne don a liƙa bisa gilashin rediyo a sabon wurin kowace tasha, yara ƴan sikawut kuma suna shiga gidajen tsofaffi suna murɗa musu.

Wannan tsari na 9 ya ba masu DX wata ƴar dabara da ɗan makaranta zai so. In aka tara harufan lambar, jimla za ta zama 9, 18 ko 27. Rediyon Kaduna a matsakaicin zango an san shi a kan 594: 5 da 9 da 4, 18 ke nan. A Amurka kuwa goma goma suke tafiya, 660, 770, 880. Saboda haka mai saurare a Turai in ya ji murya a kan 1020 ya san daga ƙetaren teku ta fito, tun kafin ta faɗi sunanta. A arewacin ƙasar Finlan akwai masu wannan sha'awa da ke shimfiɗa waya mai tsawon kilomita guda cikin daji, cikin tsananin sanyi, don kama irin waɗannan tashoshi.

Tasha ɗaya, suna huɗu

Sauyin suna ya fi yawa a Amurka, don a can kowace tasha da harufa ake kiran ta. Hukuma ce ke ba da harufan, kamar shaidar da ake yi wa raƙumi da wuta. Waɗanda ke gabas da kogin Misisipi galibi da W suke somawa, na yamma da K. Doka ta ce kowace tasha ta faɗi harufanta da garinta a kan kowace sa'a. Wannan ɗan lokaci shi masu DX ke jira, bik a hannu, numfashi a riƙe. Kowace ƙasa tana da nata harufan farko: na Nijar 5U ne, na Najeriya 5N. Sai dai a wannan yanki gidajen rediyo ba su kiran kansu da su.

Ga labarin rumfa ɗaya a birnin Niyok, lamba 660. Tashar da ke wurin da WEAF ake kiran ta. A 1946 ta koma WNBC. A 1954 ta koma WRCA. A 1960 ta sake komawa WNBC. A 1988 aka rufe ta, wata tashar labarin wasanni mai suna WFAN ta taso daga lamba 1050 ta zauna a wurin. A nan an ga iri ukun duka: an sake suna, an sayar da rumfa, wani kuma ya yi ƙaura da sunansa.

Wani abin ya fi wannan ruɗarwa. A birnin nan dai, tashar da ke lamba 880 sunanta WABC har 1946, sa'an nan ta koma WCBS. Bayan shekara bakwai, a 1953, wata tasha daban da ke lamba 770, mai suna WJZ, ta ɗauki sunan WABC. To, a ce an sami kaye biyu, kowane an rubuta WABC a ciki, ɗaya na 1944 ɗaya na 1955. Suna ɗaya ne amma tashoshi biyu ne. In babu kwanan wata da lamba, ba mai iya rarrabe su. Ita kuma WCBS ta riƙe sunanta har watan Agusta na 2024, sa'an nan lamba 880 ta koma WHSQ.

Tashoshin da ake ji da Hausa su ma sun sha sauya suna, sai dai nasu sauyin siyasa da tarihi yake bi. Rediyo Nijar da aka buɗe a 1958 ya koma Muryar Sahel a 1974. Rediyon Pekin na ƙasar Sin, wanda ya soma Hausa a 1963, ya koma Rediyon Beijin a 1983, a 1993 kuma ya koma Rediyon Sin na Duniya. Rediyon Mosko ya koma Muryar Rasha a 1993. Rediyo RSA na Afirka ta Kudu ya koma Channel Africa a 1992. A Adis Ababa akwai tashar mishan mai suna Muryar Bishara da ta soma a 1963, har tana watsa shiri da Hausa. A watan Maris na 1977 gwamnatin soja ta ƙasar Habasha ta karɓe ta, ta sa mata sunan juyin juya hali. Na'urar ita ce, wurin shi ne, amma magana ta sake sarai. Wani lokaci ma ƙasar ce kanta ke sake suna, kamar Dahome da ta koma Benin a 1975, da Haute-Volta da ta koma Burkina Faso a 1984.

Yadda ake tsara kayen

A ja layi a tsaye a raba shafi gida shida. Gida na farko kwanan wata, har da shekara. Na biyu sa'a. Na uku lamba. Na huɗu sunan tasha. Na biyar harshe da abin da aka ji, ko labaru ne, ko waƙa, ko wa'azi, muryar mace ko ta namiji. Na shida ƙarfin murya. Masu DX suna auna ƙarfi da ma'auni mai suna SINPO, inda ake ba da maki daga 1 zuwa 5 ga abu biyar: ƙarfin murya, kutsen wata tasha, ƙarar iska, hawa da saukar murya, da jimlar yadda aka ji. Wanda ya rubuta 55555 ya ji tashar kamar a ɗakinsa take. Ga mai farawa maki ɗaya ya isa: 5 in ta fito tsaf, 3 in ana ji da ƙoƙari, 1 in da ƙyar ake gane magana ce.

Maganar sa'a tana son kulawa. Tashoshin duniya da agogo ɗaya suke aiki, wanda ake kira GMT ko UTC. Agogon Nijar da na Najeriya yana gaba da shi da sa'a ɗaya. In ƙarfe 8 na dare ne a Maraɗi, ƙarfe 7 ne a agogon duniya, a rubuce 1900. Akwai tarko a tsakar dare. Ƙarfe 12 da rabi na dare a Tawa, Talata ta riga ta shiga, amma a agogon duniya 2330 ne na ranar Litinin. Ko wane agogo mutum ya zaɓa, ya rubuta shi a bangon kaye, ya tsaya a kansa.

Babbar ƙa'ida ita ce ba a gogewa. In tasha ta tashi daga wata lamba ta koma wata, ba a kankare tsohon layi. Ana barin sa yadda yake, a buɗe sabon layi da kwanan ranar, a rubuta sabuwar lamba, a ƙara a gefe: ta taso daga lamba kaza. In suna ne ya sake, a rubuta sabon suna, a ƙara: da can sunanta kaza. Dalili a fili yake. Tashar da ta bar mita 19 a watan Oktoba, sau da yawa can take komawa a watan Maris, ko kusa da can. Wanda ya goge ya watsar da kwatancen da zai bukata bayan wata biyar. Wanda ya bari, in ya cika shekara biyu yana rubutu, sai ya ga hanyar tashar a shimfiɗe a gabansa kamar burtali. Waɗansu suna ware shafukan ƙarshe na kaye, kowace tasha da shafinta, suna jera lambobinta da ranakun da aka ji ta farko da ranar da aka daina jin ta.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kada a rubuta abin da kunne bai ji ba. Jin Hausa a lambar da aka saba jin wata tasha ba shaida ba ne cewa ita ce. Wata ta iya shigowa rumfar. Sai an jira ta faɗi sunanta da bakinta, ko an ji takenta. In ba a ji ba, a rubuta sunan da alamar tambaya, ko a rubuta: ba a gane ta ba. A ƙungiyoyin DX ba abin kunya ba ne mutum ya ce bai gane ba. Abin kunya shi ne ya rubuta zato kamar tabbas, wasu su kwafa, ƙarya ta shiga littafi. Wannan ƙa'ida ta fi ƙarfin wasa. A lokacin yaƙi da rikici an sha buɗe tashoshin ɓoye da ke fakewa kusa da lambar wata sananniyar tasha. Mutumin da zai kai labari dandali ya kamata ya san bakin wa ya ji shi.

Take yana taimako ƙwarai. Kafin shiri ya soma, tashoshi da yawa suna maimaita ɗan kiɗa ko wata ƙara don mai nema ya same su. BBC an san ta da ƙararrawar Big Ben. Rediyo RSA da kukan tsuntsu da garaya irin ta Turawa yake buɗewa. Rediyon Botsuwana kuwa, a can baya, da asuba, kukan shanu da ƙarar ƙararrawar wuyansu da carar zakara yake sakawa, har masu saurare a Turai suna tashi tsakar dare don su ji garken.

Akwai ruɗu biyu da ya kamata a sani. Na farko inuwa. Ƙananan rediyoyi masu araha sukan nuna tasha mai ƙarfi a wuri biyu, wurinta na gaskiya da wani wuri da ke ƙasa da shi da kilohaz 910. Muryar Najeriya da aka sani a kan 7255 tana iya fitowa a kan 6345. Ba ƙaura ta yi ba, laifin akwatin ne. Na biyu, inda ake magana daban, inda ake harba murya daban. BBC a Landan take magana, amma tun 1966 tana harbo murya zuwa Afirka ta Yamma daga tsibirin Asansho da ke tsakiyar tekun Atlantika. Muryar Jamus ta yi shekara 50 tana harbowa daga Kigali a ƙasar Ruwanda, daga 1965 har aka rufe wurin a 2015. Haka ma in rediyon FM na gari ya ɗauko shirin wata tashar waje ya watsa, sai a rubuta suna biyu, na mai shiri da na mai watsawa. Ran da ɗaya ya daina, an san wanda za a nema.

Mai tsohon rediyo mai allura ba ya iya karanta lamba daidai, don allurar kauri gare ta, rubutun gilashin kuma cunkushe yake. Dabarar ita ce ta mutanen Ingila a 1978. A yanko siririyar takarda a liƙa ta tsawon gilashin, a sa ɗigo a wurin kowace tasha da aka tabbatar da ita. Waɗannan ɗigo su ne gawo da kukar da ake kwatancen iyakar gona da su. Sabuwar tasha sai a rubuta: tana tsakanin wance da wance, ta fi kusa da wance.

Gardamar da ba ta ƙare ba

Masu DX suna ƙirga tashoshin da suka kama kamar yadda mai kiwo ke ƙirga kawuna. Nan gardama ke tashi. Wanda ya ji lamba 660 ta Niyok a 1950, ya sake ji a 1957, tasha ɗaya ya kama ko biyu? Waɗansu sun ce ɗaya ce, tun da na'ura da wuri da lamba ba su sake ba, suna kaɗai aka sauya. Waɗansu sun ce kowane sabon suna sabon layi ne, a ƙirga shi. Game da sauyin lamba mutane da yawa sun fi yarda a ƙirga, don kama tasha a sabuwar lamba sabon aiki ne, da sababbin maƙwabta masu kutse. Maganar masu cewa ɗaya ta fi ƙarfi. Saniya ba ta zama biyu don an sake mata suna. Amma ko wane ɓangare mutum ya bi, duka sun yarda a rubuta sauyin da ranarsa.

Abin da mutum ɗaya ya rubuta kaɗan ne. In aka haɗa na mutum ɗari sai ya zama littafi. A Amurka ƙungiyar National Radio Club, wadda aka kafa a 1933, tana buga jerin tashoshin matsakaicin zango tana sabunta shi da rahoton ƴaƴanta. A 1947 wani mutumin Danmak mai suna Lund Johansen ya fitar da littafin da aka sani yau da World Radio TV Handbook, mai ɗauke da lambobi da sa'o'in tashoshin duniya, ana sabunta shi shekara shekara. A 1948 Rediyon Suwidin ya buɗe shiri na musamman inda Arne Skoog ke tattara wasiƙun masu saurare ana karanta sauye-sauyen da suka gano. Littafi kan tsufa tun kafin ya fito daga maɗaba'a. Kayen mutane ne ke gyara shi.

Su kansu gidajen rediyo suna bukatar waɗannan rahotanni. Injiniyan da ke zaune a Turai ba ya jin yadda muryarsa ke sauka a Dakwaro ko Mirriya. Mai saurare yana iya rubuta wasiƙa ya faɗi rana, da sa'a, da lamba, da abin da ya ji na kamar minti 15 ko 20, da ƙarfin murya, da tashar da ke kutse in akwai. Tashoshi da yawa sukan amsa da kati mai hoto da ake kira QSL, shaidar cewa lalle su aka ji. Da can ta posta ake aikawa da tambur, yanzu galibi ta intanet ne. Katin yana ƙara daraja in tashar ta mutu. Rediyon Balin na Jamus ta Gabas ya yi shirinsa na ƙarshe ranar 2 ga Oktoba 1990, daren da ƙasashen Jamus biyu za su haɗe. Waɗanda suka rubuta wannan dare a kayensu suna riƙe da shaidar abin da ba za a sake ji ba.

Irin waɗannan layuka na ƙarshe sun yi yawa a shekarun nan. Rediyon Suwidin ya bar gajeren zango a 2010, na Kanada a 2012, Muryar Rasha a 2014, na Ostireliya a 2017. Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda ya soma a 1979, ya yi shiru a watan Maris na 2025. Amma rumfar da aka rufe takan sake buɗewa. A 2022, da yaƙi ya tashi a Yukren, BBC ta ƙara lambobin gajeren zango zuwa can. A 2023 ta buɗe shirin gaggawa da Larabci saboda mutanen Sudan. Dalili shi ne in wuta ta ɗauke, waya ta yanke, ƙaramin akwati mai pil yana nan yana kamawa.

Rubuta abin da aka ji a rediyo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Nijar. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob ɗin rediyo, inda mutanen gari ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, jagoransu ya rubuta ra'ayinsu ya aika Yamai. Kayen tashoshi ƙanen wannan aiki ne. Makarantar yaƙi da jahilci ko wata ƙungiyar manoma tana iya ajiye kaye ɗaya na kowa da kowa. Mai rediyon da ke nuna lamba a allo ya karanto lamba, mai kyan hannu ya rubuta. Sati ɗaya kafin Lahadin ƙarshe na Maris da na Oktoba a kasa kunne sosai a farkon shiri da ƙarshensa, don a lokacin ne masu sanarwa ke faɗin sababbin mitoci, sau da yawa da sauri. In mutum biyu suka rubuta tare, abin da ya kuɓuce wa ɗaya sai ɗayan ya kama. Ran Litinin da ta biyo baya a bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, safe da rana da dare, a sa maki gaban kowace. Kayen kuma a ajiye shi cikin gwangwani mai murfi ko akwatin ƙarfe, saboda gara da ɗigar damana.